Kantin iyali mai rassa da yawa: me ke raya shi, me ke kashe shi?

Ɗan Katako:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masanan kasuwanci da ke zauren nan. Duk wanda ya san Yamai ya san kantunan da suka yi tashe a zamaninsu, mai su na rasuwa aka raba kaya aka sa kwaɗo, yau wurin ya koma gareji ko shagon taya. Alhali ana jin labarin manyan kantunan Turai irin su Auchan da Aldi, har gobe a hannun iyali suke, jikoki da tattaɓa-kunne na ci. Me suka yi wanda ba mu yi ba?

Ta biyu: a ce iyali na da alimantasiyo guda mai tafiya daidai, a Yantala ko Bobiyel, suna son buɗe ta biyu da ta uku har su kai Tawa. Ta ina ake farawa, kuma a ina aka fi shan kaye? Bayani na aiki nake so. Maganar "a riƙe amana" kowa ya san ta.

Malam Na-Ader:

Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki rabin farko, masu lissafi su zo su ɗauki sauran.

Kada ka ɗauka su ba sa rigima, ƙanena. Aldi ɗin da ka ambata ma rabuwa ce ta haife ta yadda take yau. A 1913 wata mata ta buɗe ɗan kanti a Essen ta ƙasar Jamus, bayan yaƙin duniya na biyu ƴaƴanta biyu, Karl da Theo Albrecht, suka karɓa. Kafin 1960 ta fita suna da kanti wajen 300. Dabararsu ba ta da wani ƙawa: kaya iri kaɗan, wanda kowane gida ke saye kullum, a ajiye shi cikin kwalinsa, a sayar ƙasa da kowa. A shekarun farko ko kayan ɗanye masu saurin lalacewa ba sa ɗauka. Sai suka saɓa, kuma abin da aka fi faɗa shi ne a kan sayar da taba sigari ne, Theo na so, Karl ba ya so. To dubi yadda suka rabu. Ƙasar suka ja wa layi, Theo ya ɗauki arewa, Karl ya ɗauki kudu, kowa da mangazarsa da motocinsa, ba mai buɗe kanti a yankin ɗan uwansa. Shi ya sa har yau akwai Aldi Nord da Aldi Süd. Daga baya kowannensu ya zuba mallakar cikin gidauniya, ta yadda jika zai ci rabonsa na riba amma ba shi da ikon ya ce a sayar da kanti kaza a ba shi nasa. Ko da hakan, bayan rasuwar ɗan Theo ɗaya a 2012 an yi shekaru ana shari'a tsakanin iyalinsa da ɗan uwansa kan wa ke juya gidauniyar. Ana can kotu, kantuna na buɗe, domin rigimar ba ta da hanyar isa cikin kes.

Auchan kuwa Gérard Mulliez ya buɗe ta a 1961 a Roubaix, arewacin Faransa, cikin wata tsohuwar masana'antar babansa. Amma tun 1955, kafin a yi Auchan ɗin, zuriyar ta riga ta kafa ƙungiyarta da ƙa'ida guda: kowa a cikin komai. Ma'ana ɗan gidan ba ya mallakar Auchan shi kaɗai ɗan uwansa ya mallaki wani kamfanin zuriyar irin Decathlon ko Leroy Merlin. Kowa na da kaso a dunƙulen duka. Wanda ke son fita, ƴan uwa kawai zai sayar wa, a farashin da masana suka ƙiyasta. Wannan ya kashe gasar "nawa ya fi naka", tunda in na ƙanenka ya yi riba kai ma ka ci.

Sam Walton na Amurka ya yi abin da ya fi ba ni mamaki. Walmart ta farko a 1962 ya buɗe ta a Rogers, jihar Arkansas, amma tun 1953 ya riga ya mayar da dukiyarsa haɗin gwiwar iyali, ƴaƴansa huɗu kowa kashi 20 cikin 100, shi da matarsa kashi 20. Lokacin dukiyar ba ta taka kara ta karya ba, ba wanda zai yi faɗa a kanta. Da ya rasu a 1992 babu wani rabo mai zafi da ya rage.

Kada kuma a ce abin na Turawa ne. A Kenya wa da ƙane ne suka kafa manyan kantuna biyu, duka daga garin Rongai kusa da Nakuru: Joram Kamau mai Tuskys, da Peter Mukuha Kago mai Naivas. Tuskys ta kai rassa sama da 60. Joram ya rasu a 2002, ƴaƴa suka yi ta maka juna kotu kan kuɗi da shugabanci, a 2020 ta durƙushe da bashin masu kawo kaya, a 2023 kotu ta ce a rushe ta. Naivas ita ma ta ga tata shari'ar gado, amma a 2020 iyalin suka sayar da wajen kashi 30 ga masu zuba jari na waje, aka shigo da ido na bare cikin littattafai. Yau ta wuce rassa 100.

Namu na nan kuma mafi yawa a kan mutum ɗaya suke. Farashi a kansa, bashi a kansa, lambar mai kawo kaya a wayarsa. Ranar da aka kai shi makwanci, rabin kantin ya bi shi.

Hajiya Mai Lissafi:

Malam ya biya tarihi, Allah ya saka. Ni kan kuɗi zan tsaya, don Ɗan Katako ya tambayi inda ake shan kaye.

Ribar babban kanti siririya ce ƙwarai. Manyan duniya ma, in an cire albashi, haya, wuta, lampo da asara, abin da ke saura bai cika wuce 2 ko 3 cikin 100 na ciniki ba. Kes ya cika da jika 100 da maraice, jika 97 na wasu ne. Ɗan gidan da ya zari jika 10 zai je suna, bai san ya kwashe ribar cinikin jika 300 zuwa 500 ba, kuma a zuciyarsa bai yi sata ba, kantin babansa ne.

Akwai lissafi biyu da ake yawan rikitawa. Ka sayi abu 1,000 ka sayar 1,250, sai ka ce ribata 25 cikin 100. A kan kuɗin saye ne haka. A kan ciniki 20 ce, kuma da ta ciniki ake auna haya da albashi. Sai TVA, harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, wadda a Nijar babban ƙa'idarta 19 cikin 100 ne. Abin da ka sayar 1,190 da TVA a ciki, 190 ajiyar gwamnati ce a hannunka. Za ka cire wadda ka biya wajen saye, amma sai in kana da faktir na ƙa'ida, irin mai shaidar hukumar lampo da ake nema yanzu. Kayan da aka saro ba takarda ya kan yi kamar ya fi araha, a ƙarshen wata ka ga duk TVA ɗinsa ta dawo kanka. Kuma ba kowane kaya ke ɗaukar kaso ɗaya ba, wasu ma an yafe musu, don haka tun wajen shigar da kaya cikin kwamfuta ake sa wa kowanne nasa.

Abin da ke kawo kuɗi shi ne juyawa. Misali kawai: miliyan 10 a shinkafa, mai da sukari, riba 5 cikin 100, kaya na ƙarewa sau biyu a wata. Sau 24 ke nan a shekara, miliyan 12. Miliyan 10 a turare da man shafawa, riba 30 cikin 100, amma sau biyu yake juyawa a shekara, miliyan 6. Mai ƙyalli ya cika ido, buhu ne ke biyan haya. Duk kayan da ya yi wata uku a kanta bai motsa ba, a karya farashinsa a fitar da shi ko da a kuɗin saye ne, kuma kada a sake odarsa don kunyar mai kawowa.

Yanzu ga ramin da ya fi kowane zurfi. Mai kawo kaya ya ba ka kwana 45, kai kuma kayan ya ƙare cikin kwana 15. Kwana 30 kuɗin mutum na zaune a asusunka. In kana fitar da kayan miliyan 2 a yini, miliyan 60 ke nan a banki wadda ba taka ba. Mai kanti ya duba ya ga miliyan 60, ya ce a kama gida a Kubiya a buɗe reshe. Reshen ma ya ɗauki kaya bashi, ya tara nasa kuɗin mutane, a buɗe na uku da su. Muddin ciniki na hawa ba mai ganewa. Ranar da ciniki ya tsaya na wata biyu, sai a makara wajen biya, mai madara ya daina kawowa, kanta ta yi fili, mai saye ya zo bai samu ba ya canza kanti, ciniki ya ƙara sauka. Haka Nakumatt ta tafi, ta iyalin Atul Shah, wadda ta faro da sayar da katifa a Nakuru ta kai rassa sama da 60 a Kenya, Uganda, Tanzaniya da Ruwanda. A 2017 kantoci suka fara zama wayam, a Janairun 2020 masu bin bashi suka kaɗa ƙuri'a a rushe ta, bashin ya haura shilin biliyan 30.

Don haka kowane ƙarshen mako a fitar da lamba uku a takarda ɗaya: kuɗin da ke banki da kes, bashin da ake bin ku tare da ranar biyan kowanne, da darajar kayan da ke mangaza a kuɗin saye. Wanda bai iya fitar da su cikin awa guda ba, bai kai buɗe reshe ba tukuna.

Na kes kuma a taƙaice. Kowane mai kes da aljihunsa da lambarsa, da canjin farawa ƙayyadadde, a ce jika 25, ya ƙirga ya sa hannu. Soke ciniki bayan an buga shi sai da makullin shugaban reshe, domin nan ne ƙofar sata: a buga, mai saye ya biya ya tafi bai karɓi tikiti ba, a soke a aljihunta kuɗin. A riƙa kwashe manyan takardu tsakar rana. Da dare mutum biyu ke ƙirga, a gwada da jimlar na'ura, da safe a kai banki duka, ba a biyan kowa daga kes. Kuɗin waya irin na MyNita ko Airtel Money ya shiga lambar kanti, kada ya shiga wayar yaro. Cefanen gidajen iyali kuwa a buɗe wa kowane gida asusu mai iyaka a wata, a buga kayan kamar na kowa, a cire daga albashi ko rabon riba. Har gidan Alhaji. In nasa bai bi ta na'ura ba, na kowa ma ba zai bi ba.

Ɗan Katako:

Hajiya, Allah ya ƙara basira. To in ba a taɓa kuɗin masu kawo kaya ba, da me za a buɗe ta biyun? Kuma yaya ake gane unguwa za ta ɗauki kanti?

Hajiya Mai Lissafi:

Da ribar da aka tara aka hana kai rabawa, ko sabon jari daga ƴan uwa a rubuce, ko bashi mai dogon wa'adi wanda aka san ranar biyansa. Kuɗin ya ishi kayan farko, kantoci, firigo, gurup, na'urori, kuɗin haya na gaba, sannan da na ɗawainiyar wata shida a gefe, don sabon reshe ba ya ciyar da kansa daga buɗewa.

Unguwa kuwa da alƙalami ake auna ta. A ce ɗawainiyar reshen miliyan 3 ce a wata, ribarka a kan ciniki 15 cikin 100. Sai ka yi cinikin miliyan 20 kafin ka dawo babu ci babu asara, wato wajen jika 670 kullum. In kowane mai saye na kashe jika 5, kana bukatar mutum 135 ko kusa da haka a yini. Je ka zauna gaban wurin kwana bakwai, har da Juma'a da Lahadi, ka ƙirga masu wucewa, ka duba akwai inda mota za ta tsaya, ka duba ko ruwa na kwanciya a titin da damina. Kada kuma ka yi ƙirgar a makon da aka biya albashi kaɗai.

Tsohon Mai Mangaza:

Duk abin da Hajiya ta faɗa daidai ne, sai dai gyara ɗaya. Zancen kwana 45 ya fi zama gaskiya ga wanda ke kusa da masana'anta. Mu da ba mu da teku, a kayan waje lissafin juyewa yake: kai ke fara biya, kaya ya hau ruwa, ya sauka tashar jirgi, ya jira taranzitar da duwan, ya hau kamiyo. Da ta Kwatano ake bi, a haye gadar Malanbil zuwa Gaya, kilomita dubu da ɗan wani abu. Tun rufe iyakar Benin bayan Yulin 2023 kaya da yawa suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, kuma ayari ba ya tashi don kai kaɗai ka shirya. Kuɗinka na iya yin watanni a hanya. Bisikiti mai wa'adin wata tara ya iso maka saura huɗu. Shi ya sa iyali mai kanti ɗaya ko biyu bai kamata ya yi wa kansa kwantena ba. Ya sara wajen manyan masu shigowa na Yamai, ya bar musu ciwon kan hanya. Kwantena sai rassa sun kai su shanye ta cikin wata biyu, kuma a fara da abin da ba ya mutuwa da wuri: tumatirin gwangwani, taliya, sabulu, kyallen jarirai.

Kayan gida su ne ke ba da numfashi. Yawurt na Niger-Lait da Solani, shinkafar bakin kogi, albasar Galmi, dankalin Bonkuku, kilishi, cukui, zuma, ƙwai. Suna zuwa da sauri, kana iya odar kaɗan kaɗan. Sharaɗin kawai a biya ƙananan masu kawowa a kan lokaci. Matar da ke kawo dambun nama ko garin yaji ba za ta iya jiran kwana 45 ba, in ka riƙe mata kuɗi mako uku ka kashe mata jari.

Ranar da aka yi reshe na biyu, saye ya koma hannu ɗaya da mangaza ɗaya. In kowane ɗa na saye wa reshensa, kun rasa rangwamen sari, kuma madara iri ɗaya za ta yi farashi biyu a gari ɗaya. Kowane kaya lamba ɗaya a duk rassa. Kwali ba ya fita daga mangaza sai da takardar tura kaya mai kwafi uku, ta mai mangaza, ta direba, ta mai karɓa. "Aiko mini kwali goma, gobe na rubuta" ita ce ke cinye kaya tsakanin ƴan uwa, a ƙarshen shekara kowa ya rantse bai gani ba. Walton ma da haka ya yi ƙarfi: sai ya kafa mangaza, sannan ya jera kantuna a inda mota za ta kai cikin yini guda.

Wajen karɓar kaya takarda uku ake haɗawa: ta oda, ta isowa, da faktir. A ƙirga kafin direba ya tafi, a buɗe wasu kwalaye daga tsakiya, a auna buhu a sikeli don ba kowane mai rubutun kilo 25 ke cika ba. Buhu ya hau katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, in ba haka ba da damina laima ta kama shi, ƙwari su bi. Sabulu da omo nesa da shinkafa da gari, suna ɗaukar wari. A kanta, mai kusan ƙarewar wa'adi ne a gaba, ko da shi ya zo daga baya. Yaran kanti sun fi son tura sabo a gaba don ya fi sauƙi, sai an bi su.

Wa'adin ma iri biyu ne a rubutun Faransanci. Wanda ya ce a ci kafin rana kaza, irin na yawurt da nama, ranar na wucewa ya zama shara. Wanda ya ce an fi so a ci kafin rana kaza, irin na taliya da bisikiti, inganci ne ke raguwa. Duk da haka kada ka bar ko ɗaya a kanta bayan ranarsa. Masu bincike ba za su tsaya jin bayani ba, mai saye kuma hoto ɗaya zai ɗauka ya watsa a WhatsApp cewa kantin wane na sayar da perime. Saura wata ɗaya a ware shi a teburin rangwame.

Sanyi shi ne ke cin kuɗi a ɓoye. Madara da yawurt tsakanin digiri 0 da 4, daskararre a 18 ƙasa da sifiri. A Afrilu da Mayu zafin Yamai na haura 40, a daidai lokacin ne kuma wuta ta fi yankewa. An ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Nijeriya ta katse layin da ke ba mu wuta. Gurup dole ne, mai kunna kansa, kuma a saye shi da rara, domin injin firigo na jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi. In duka suka tashi tare gurup ya durƙusa, don haka a sa musu jinkiri su tashi ɗaya bayan ɗaya. Da hunturu ƙura ke toshe raga ta bayan firigo, injin ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Burushi da iska sau ɗaya a mako sun isa. A rataya ma'aunin zafi a kowane firigo, a rubuta safe, rana da dare. Kaza ko kifin da ya narke aka sake daskarar da shi ana gane shi da ƙanƙarar da ta taru cikin leda, kuma wannan ba na sayarwa ba ne.

Tawa kuma ku bar ta ta zama ta ƙarshe. Kilomita 550 ne ko kusa, ta Doso, Dogondutsi da Konni, ba reshen da za ka leƙa bayan la'asar ba ne. Sannan kasuwar can na kallon Konni da Illela fiye da yadda take kallon Yamai. Bisikiti, lemo, roba, sabulun Nijeriya na shigowa ta nan, kuma duk sanda naira ta faɗi sai su ƙara araha. Wanda ya ɗauko irinsu daga Yamai ya biya mota, ya zo ya tarar ana sayarwa ƙasa da kuɗin sayensa. Reshen Tawa na bukatar mai saye nasa na kayan iyaka, Yamai ta aiko da abin da babu a can.

Ɗan Kotu:

Ina ƙara na shari'a, tunda tambayar farko a kan mutuwar mai kanti ce.

Yawancin kantunanmu "Ets wane da ƴaƴansa" ne. A doka wannan mutum ɗaya ne, "da ƴaƴansa" ado ne a allo. Dukiyarsa da ta kanti abu guda ce. Yana rasuwa banki ya rufe asusu har sai an kawo takardar taron iyali da ta magada daga kotu. Kafin nan albashi ya tsaya, masu kawo kaya sun ja baya, yawurt bai san ana zaman makoki ba.

Maganinsa a mayar da kantin sosiyete, wato kamfani mai zaman kansa a doka, tun mai shi na da rai. A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka da Nijar ke ciki, SARL, sosiyeten da asarar mai kaso ba ta wuce jarin da ya zuba, ta ishi iyali. SA, irin ta manyan kamfanoni, sai jari ya kai miliyan 10 aƙalla, kuma ɗawainiyarta ta fi yawa. Rajistar kasuwanci da lambar lampo ana yin su a Maison de l'Entreprise nan Yamai. SARL ba ta mutuwa don mai kaso ya mutu. Abin da ake gada kaso ne, firigo da kantoci na nan inda suke. Kuma bai saɓa wa rabon Musulunci ba. A ce kaso 640 ne, mamaci ya bar matan aure biyu, ƴaƴa maza uku, ƴaƴa mata biyu, iyayensa sun riga shi. Tumuni, wato 80, na matan aure, kowacce 40. Saura 560, kowane namiji 140, kowace mace 70. Kowa ya samu haƙƙinsa cif, kanti bai rufe ko yini ɗaya ba. A tuna ana fitar da bashi da wasiyya kafin rabo.

Dokar ta tanadi wasu abubuwa da ke kare iyali daga kansu. In takardar kafawa ba ta ce wani abu dabam ba, ba a sayar wa bare kaso sai da yardar mafi yawan sauran, masu riƙe da kashi uku cikin huɗu na kason da ya rage. Mai kaso ko mai gudanarwa ba ya cin bashi daga sosiyete. Ana ware kashi 10 cikin 100 na riba a ajiya har ta kai ɗaya cikin biyar na jari. Ana taron shekara cikin wata shida bayan rufe lissafi, a nan ƴaƴa mata da ke gidajen aure ke da ikon ganin littafi, kada a bar su da "an ce ba a samu riba ba bana".

Abin da doka ba ta rubuta muku ba, ku rubuta wa kanku gaban noter: yadda ake ƙiyasta kason mai son fita da tsawon lokacin biyansa, wa zai riƙe in mai gudanarwa ya faɗi, da bambancin albashi da riba. Wanda ke tsaye a kanti daga safe zuwa dare albashi yake ci, na aikinsa. Riba kuma ta kowa ce gwargwadon kaso, har wanda ke Abija. In an cakuɗa su, mai aiki zai ga ana cin guminsa, na nesa zai ga ana cin gadonsa, kuma dukansu suna da gaskiya. Uba mai son ba ƴaƴa kaso tun yana raye kamar Walton, ya fara zama da malami kan hukuncin kyauta da daidaita ƴaƴa, musamman gidan da ke da ɗakuna fiye da ɗaya.

Malam Na-Ader:

Mai Mangaza, ban yarda Tawa ta zama saniyar ware haka ba. Akwai kuɗin da ba a gani a titi: na ƴan ci-rani. Gidaje da yawa a Ader da abin da ɗa ya aiko daga Abija ko Libiya suke cefane. Kantin da ya tsara kunshin wata, a ce shinkafa kilo 25, mai lita 5, sukari, taliya da sabulu a farashi sananne, ɗa ya biya ta Nita ko Amana kai tsaye, tsohuwa ta aiko a ɗauka da lambar shaida, ya samu ciniki wanda kuɗinsa ke riga kaya fita. Sai dai ranar da aka ba tsohuwa shinkafar da ba ita aka biya ba, labarin zai riga ka isa Abija.

Abu ɗaya kuma ba wanda ya taɓo: ba mai saye bashi. Mai tebur na unguwa na ba da sukarin dala ashirin, ya rubuta a littafi har ƙarshen wata. Babban kanti ba zai iya wannan ba, kuma kada ya gwada da sunan kunya. In za a ba ma'aikatu ko masu gidan abinci, a yi shi a rubuce, da iyaka da ranar biya, na'ura ta ƙi buga sabon kaya in tsohon bai shigo ba. Ta haka yaron kes zai ce na'ura ce ta hana, ba sai ya kalli idon surukin Alhaji ya ce a'a ba.

Tsohon Mai Mangaza:

Na karɓi gyara, Malam, kunshin wata dabara ce. Amma a ware kayansa a mangaza ranar da kuɗin ya shigo, da sunan mai shi a jiki. Kusa da azumi sukari da mai kan tashi cikin mako guda, in an karɓi kuɗin mutum a tsohon farashi ba a ajiye kayan ba, kanti ne zai cika gibin.